Yadda Ake Raya Farin Ciki Kullum Idan Rayuwa Ta Yi Tsanani

Idan rayuwa ta yi tsanani, yawancin mutane sukan ɗage farin cikinsu zuwa wani lokaci na gaba. Wanda ya rasa aiki yana cewa zai sami sukuni ranar da aka sake ɗaukarsa, mai jinya yana jiran ranar da za a sallami majinyacinsa, wanda bashi ya yi wa katutu kuma yana ganin bai cancanci dariya ba sai ya biya na ƙarshe. Illar wannan lissafi ita ce wuya ba ta faɗin ranar tafiyarta, wata ma idan za ta tafi sai ta bar ƙanwarta a gida. Wanda ya jingine walwalarsa har sai komai ya daidaita yana iya shafe shekaru yana jira, jiran kuma yana cinye ƙarfin da zai tunkari matsalar da shi.

Farin cikin da nake nufi ya bambanta da murnar ranar samu, wadda take zuwa da ƙarfi ta wuce da sauri. Ina nufin ɗan sararin da yake samuwa a zuciya ko da matsala tana nan daram, wanda yake ba mutum damar yin barci, da sauraron mai yi masa magana, da lura da abu mai kyau idan ya gifta ta gabansa. Ana raya irin wannan da ƙananan ayyuka da ake maimaitawa kullum, kuma ba sai mutum ya yaudari kansa cewa lafiya lau yake ba. Wanda aka yi wa rasuwa ko ya tafka asara dole ne ya ji zafi, babu dabarar da za ta ɗauke masa wannan. Abin da ake nema shi ne kada zafin ya mamaye sa'o'i 24 na yini gaba ɗaya.

Dalilin da ya sa zuciya take buƙatar horo

Akwai halaye biyu na ɗan Adam da ya kamata a sani tun farko. Na farko shi ne abu mara daɗi ya fi mai daɗi nauyi a zuciya. Masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana a shekarar 1979 cewa zafin da mutum yake ji idan ya yi asara ya fi daɗin da yake ji idan ya sami riba mai girman wannan asarar. Kowa ya san haka a jikinsa: mutum goma za su gaya maka magana mai daɗi a yini, ɗaya ya yi maka gatse, amma da dare maganar ɗayan nan ce za ta hana ka runtsawa. A lokacin tsanani wannan hali yana ƙaruwa har ido ya koma ba ya hango komai sai barazana.

Na biyu shi ne sabo. A shekarar 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa a Amurka sun kwatanta mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar ƙuri'a da mutum 29 da haɗari ya shanye wa jiki, tare da wasu mutanen da ko ɗaya bai same su ba. Sun tarar waɗanda suka ci kuɗin ba su fi sauran jama'a farin ciki da wani abin a-zo-a-gani ba, har ma ƙananan abubuwan yau da kullum sun rage yi musu daɗi, su kuwa waɗanda suka yi haɗarin, ko da yake farin cikinsu ya yi ƙasa da na sauran, bai faɗi warwas yadda ake zato ba. Binciken ƙarami ne, bai kamata a ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa ba, amma yana tuna mana cewa babban abin da muke jira zai zama jiki bayan ya zo, kamar yadda abubuwa masu kyau da muke da su yanzu suka zama jiki har muka daina ganinsu. Duk matakan da za su biyo baya an gina su ne domin su gyara waɗannan halaye biyu.

Ka fara aikin kafin sha'awar ta zo

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ce zai fita, ko ya ziyarci wani, ko ya koma ga abin da yake so, idan ya ji ƙwarin gwiwa. A halin ƙunci ƙwarin gwiwar ba ya zuwa da kansa. Peter Lewinsohn, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya yi bayanin wannan tarko a shekarun 1970: wanda ransa ya ɓaci yana rage ayyukan da suke faranta masa, raguwar ayyukan tana rage abubuwan daɗi da yake samu, hakan kuma yana ƙara ɓacin ran, sai ya sake janyewa. Daga wannan fahimta aka gina wata hanyar magani da likitocin ƙwaƙwalwa suke amfani da ita har yau, wadda jigonta shi ne a tsara aikin a yi shi, ko ana so ko ba a so, sha'awar ta biyo baya.

Ga yadda za ka yi. Ka ɗauki takarda ka rubuta abubuwan da suka taɓa sa ka jin daɗi ko jin ka yi wani abin kirki kafin tsananin ya zo, ka kuma tsaya ga waɗanda ba sa cin kuɗi ko dogon lokaci: karatun shafi biyu, gyara wani abu da ya lalace a gida, wasa da yaro, share ɗaki, zama a inuwa ba tare da waya ba, koyon wani abu da hannu. Daga cikinsu ka zaɓi biyu kawai. Na ce biyu ne da gangan, domin wanda ya gaji kuma ya ɗora wa kansa abu goma zai kasa a rana ta uku, sannan ya ƙara kasawar a cikin jerin abubuwan da yake zargin kansa da su.

Sai ka ɗaura kowanne a jikin wani abu da ka riga ka saba yi. Peter Gollwitzer ya nuna a bincikensa na shekarun 1990 cewa niyyar da aka yanke wa lokaci da wuri ta fi niyyar da aka bari a sake saurin tabbata. Saboda haka maimakon ka ce za ka riƙa fita tafiya, ka ce wa kanka: idan na gama wanke fuska da safe, zan sa takalmi in zagaya na minti goma. Amfanin wannan shi ne ka riga ka yanke shawarar tun jiya, ba sai ka sake yin gardama da zuciyarka a lokacin da ta fi rauni ba. Idan ka gama, ka tsaya daƙiƙa kaɗan ka auna yadda kake ji, ka kwatanta da yadda kake ji kafin ka fara. Sau da yawa bambancin kaɗan ne, amma idan ka gan shi da idonka sau biyar ko shida za ka daina yarda da muryar da take ce maka babu abin da zai yi amfani.

Jiki yana da nasa kaso, kuma a nan shawarar gajeriya ce. Ka tsayar da lokacin tashi daga barci, ko da daren bai yi daɗi ba, ka nemi barcin sa'o'i 7 ko fiye kamar yadda ake so ga baligi, ka bari hasken rana ya taɓa ka da safe domin shi yake saita agogon jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na aƙalla minti 150 a mako, wato kamar minti 30 a kwana biyar, kuma tafiya da ɗan sauri ta wadatar. Wanda ba zai iya minti 30 ba ya fara da biyar.

Ka yanka wa damuwa lokacinta

Ba a korar damuwa da umarni. Daniel Wegner ya gwada wannan a shekarar 1987, inda ya ce wa mutane kada su yi tunanin farar beyar, wata dabba ta ƙasashen ƙanƙara, sai ga shi tunanin yana ta faɗo musu, bayan an ɗage hanin kuma ya dawo da yawa fiye da na waɗanda ba a hana ba tun farko. Wannan ne ya sa shawarar nan ta "ka cire abin a ranka" ba ta aiki, duk da cewa masu bayar da ita da kyakkyawar niyya suke yi.

Abin da yake aiki shi ne a ba damuwa wurin zama. Ka ware minti 15 ko 20 a lokaci guda kowace rana, wanda bai yi kusa da lokacin kwanciya ba, ka zauna da takarda ka rubuta duk abin da yake cin ranka. Ka ja layi a tsakiyar takardar: a gefe ɗaya ka sa abin da akwai matakin da za ka iya ɗauka a kansa, a ɗaya gefen ka sa abin da ba ya hannunka ko kaɗan. Ga kowane abu na gefen farko ka rubuta mataki ɗaya mafi ƙanƙanta da ranar da za ka yi shi, kamar kiran wanda kake bin bashi, ko rubuta takardar neman aiki guda, ko tambayar likita abin da ba ka gane ba. Na gefe na biyu kuwa ka karanta shi, ka yarda cewa yana da nauyi, ka rufe takardar. Mai imani yana da inda yake miƙa irin wannan kaya, kuma wannan ne lokacin miƙa shi. Idan damuwa ta faɗo maka a wani lokaci na yini, ka rubuta ta a layi ɗaya ka ce mata sai an jima. Za ka yi mamakin yawan waɗanda idan lokacinsu ya yi sun riga sun huce.

Sauran sa'o'in yini kuma ka yi ƙoƙarin ajiye hankalinka a kan abin da hannunka yake yi. A shekarar 2010 Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert na Jami'ar Harvard sun bi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban abin da suke yi da abin da suke tunani da yadda suke ji, suka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin hankalin mutane yana wani wuri dabam, kuma a irin wannan lokaci farin cikinsu ya fi raguwa. Ba sai ka koyi wani dogon fanni ba: ka zaɓi aiki ɗaya a rana, wanka ko tafiya ko wanki, ka yi shi kana lura da abin da kake gani da ji, duk lokacin da hankali ya gudu ka dawo da shi ba tare da faɗa ba. Labarai ma ka yanka musu lokaci, sau ɗaya ko biyu a rana, domin wanda yake buɗe ido da labarin masifa ya kuma rufe ido da shi ya ɗauko kayan duniya duka ya haɗa da nasa.

Abubuwa uku kafin barci

Idan an ce in zaɓi abu ɗaya kawai daga wannan rubutu, wannan zan zaɓa. A shekarar 2003 Robert Emmons da Michael McCullough sun raba ɗalibai rukuni-rukuni, wasu suna rubuta abubuwa har biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu suna rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai, wasu kuma abubuwan da suka faru kawai, tsawon mako 10. Masu rubuta godiya sun fi sauran gamsuwa da rayuwarsu da kyautata zato ga mako mai zuwa, sun kuma rage kukan ciwon jiki. Bayan shekara biyu, a 2005, Martin Seligman da abokan aikinsa suka sa mutane su rubuta abubuwa uku da suka tafi daidai a kowace rana, tare da dalilin da ya sa suka tafi daidai, na mako ɗaya kacal, kuma an ci gaba da ganin tasirin a kansu har bayan wata shida, musamman waɗanda suka ɗore da yi don kansu.

Aikin yana da sauƙi, amma akwai inda ake ɓata shi. Ka ajiye ƙaramin littafi kusa da wurin kwanciyarka, ka rubuta abubuwa uku na wannan ranar, ba na rayuwa gaba ɗaya ba. Wanda yake rubuta "lafiya, iyali, rai" kowane dare zai ga kalmomin sun mutu a hannunsa cikin mako guda, domin sabon da muka ambata ya cinye su. Ka rubuta abin da ya faru a zahiri: ciwon kan da na tashi da shi ya lafa da rana, wanda na yi zaton ya manta da ni ya kira, na gama aikin da nake ta gudu tun makon jiya, yarinyata ta faɗi wata magana da ta sa ni dariya. Sannan ka ƙara jimla ɗaya ta dalili, domin a wurin dalilin ne za ka riƙa gano cewa wasu abubuwan hannunka ne ya jawo su, wasu kuma alherin mutane ne da ba ka lura da shi ba. Bayan 'yan kwanaki wani abu yakan sauya ba tare da ka shirya ba: tun da rana za ka fara tsintar abin da za ka rubuta da dare, wato ido ya fara neman abin da a da yake tsallakewa.

Na san akwai mai cewa faɗa wa wanda yake cikin bala'i ya yi godiya cin fuska ne, kuma yana da gaskiya idan ana nufin a rufe masa baki, ko a ce masa ya dubi waɗanda suka fi shi wahala ya yi shiru. Littafin nan bai hana kuka ba, kuma ba a rubuta ƙarya a cikinsa. Akwai ranar da abin da za ka iya rubutawa bai wuce cewa ranar ta ƙare ba, kuma ya halatta ka rubuta hakan ka rufe.

Kada ka janye daga mutane

Tsanani yana zuwa da kunya, kunya kuma tana sa mutum ya ɓoye a daidai lokacin da ya fi buƙatar jama'a. Ɗaya daga cikin bincike mafi daɗewa a kan rayuwar ɗan Adam ya fara ne a Jami'ar Harvard a shekarar 1938 da ɗalibai 268, daga baya aka haɗa da samari 456 daga unguwannin marasa galihu na birnin Boston, aka bi waɗannan mutum 724 shekara da shekaru ana duba lafiyarsu da aikinsu da zamantakewarsu. Dukkansu maza ne a farko, wannan kuwa gibi ne da aka rage daga baya da aka shigo da matansu da 'ya'yansu. Robert Waldinger, wanda yake jagorantar binciken, ya bayyana cewa gamsuwar mutum da dangantakarsa yana ɗan shekara 50 ta fi yawan kitsen da ke cikin jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a shekara 80.

Zumunci a ƙafa yake, don haka ka mayar da shi aikin kullum kamar sauran: mutum ɗaya a rana, da murya ko ido da ido, ko da na minti biyar ne. Ba kowa za ka buɗe wa ciki ba, amma ka sami mutum ɗaya ko biyu da za ka iya ce wa abin ya yi maka nauyi, ka kuma gaya musu tun farko ko shawara kake so ko kunne kawai, domin mutane da yawa suna gudun mai damuwa ne saboda ba su san abin da ake so su ce ba. Sannan ka nemi wanda za ka taimaka wa. Elizabeth Dunn da abokan aikinta a Kanada sun ba mutane 'yan kuɗi kaɗan da safe a wani bincike na shekarar 2008, aka ce wa wasu su kashe wa kansu, wasu su kashe wa wani, da yamma waɗanda suka kashe wa wani suka fi nuna farin ciki, yawan kuɗin kuma bai sauya sakamakon ba. Wanda ba shi da abin bayarwa yana da lokaci da kunne da ƙarfin ɗaukar kaya, kuma a ganina babu abin da yake dawo wa wanda wahala ta durƙusar da shi mutuncinsa a idon kansa kamar ya ga har yanzu wani yana amfana da shi.

Ranar da ka kasa, da ranar da ya kamata ka nemi likita

Za ka tsallake kwanaki, wannan tabbas ne. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da suke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka tarar matsakaicin lokacin da take ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Idan ka faɗi, ka koma washegari daga inda ka tsaya, kada ka rama abin da ya wuce, kada kuma ka ƙara wa kanka sabon aiki sai na farko ya zauna.

Akwai kuma iyakar da waɗannan matakai ba sa ƙetarewa. Idan ƙunci ya riƙe ka mafi yawan yini, kusan kowace rana, har mako biyu ko fiye, abin da kake so a da ya daina ba ka sha'awa, barci da cin abinci suka rikice, ko kana jin ba ka da wani amfani, to wannan yana iya zama ciwon damuwa, wanda ciwo ne kamar kowane ciwo kuma ana maganinsa. Idan tunanin cutar da kanka ko rabuwa da rai ya zo maka, kada ka jira mako biyun: ka gaya wa wani na kusa da kai a ranar, ku tafi asibiti tare. Idan za ka je wurin likita ka tafi da littafin nan naka da takardun damuwarka, domin cikin tambayoyin farko da zai yi maka akwai tun yaushe abin ya fara da yadda barcinka yake, kuma abin da ka rubuta da kwanan wata zai amsa su fiye da abin da za ka iya tunawa a zaune a gabansa.